Ruwan Wankin Shinkafa

"Wa ya sa ka?!"

Ye-rin ta tsaya a saman benensu a birnin Daegu, bokiti a hannu, tana kallon siririn tiyon da ya zagaye robobin barkonon marigayiya mahaifiyarta. Gyu-tae, saurayinta, ya miƙe yana share zufa, har da murmushinsa.

"Haba masoyiya, tsaya ki gani mana. Na huda shi daidai gindin kowace shuka. Wannan agogon zai buɗe famfo da asuba, ruwa ya ɗiga a saiwa kafin rana ta shanye shi. Babanki ya huta da hawan bene, ke kuma ki bi ni garin Busan a ɗaura mana aure. Ba lambun nan kike ta kawo min a matsayin uzuri ba?"

"Cire shi."

"Ye-rin..."

"Yaya, na ce ka cire!" Ta nuna tiyon da yatsa. "Tun da Mama ta rasu Baba ba ya ɗora tukunya don cikinsa. Yana wanke shinkafa ne kawai don ya samu farin ruwan da zai zuba wa shukokinta, yadda take yi. In ya wanke, dole ya dafa. In ya dafa, ya ci. Ka ba su ruwa kyauta, me zai sa ya wanke? Na tafi Busan yunwa ta kashe min uba?"

Murmushin Gyu-tae ya ɗauke.

Tari suka ji daga matattakala. Baba ne, dafe da gwiwa, da kwanon ruwan shinkafarsa. Ya jima yana bin tiyon da kallo, sannan ya cusa yatsa cikin ƙasar wata roba.

"Ta jiƙu har ƙasa," ya ce. "Ba irin naki ba, mai sheƙa wa ganye ruwa da tsakar rana kamar kina kashe gobara."

"Baba!"

"Ƙarya na yi? Rabin barkonon uwarki ke kika ƙona."

Gyu-tae ya durƙusa bakin layin ƙarshe, inda latas da ganyen riɗi suke, ya zare tiyon daga nan, ya naɗe bakinsa ya ɗaure.

"Ku gafarce ni, Baba. Wannan layin naku ne. In ba ku zuba musu ba, sai dai su bushe."

Tsohon ya harare shi. "Wato ka ɗaure ni da latas."

"Eh, Baba."

"Ɗan banza mai wayo." Ya sunkuya a hankali ya tsiyaya ruwan a gindin latas ɗin, bai ɗago ba ya ce, "Ɗauke ta ku tafi. Ba zan kashe wa uwarta ganye ba, zan ci."

Ye-rin ta ajiye bokitin, ta kifa fuska a bayan mahaifinta tana kuka. Ɗaya hannun ta miƙa baya, Gyu-tae ya riƙe.