Wa Zai Ɗauki Kaka?

"Sau uku ke nan kina ɗaga ranar aurenmu, Auta! Sau uku!"

Malam ya tsaya a bakin ƙofar shagon ɗinki, hankici a hancinsa, ya ƙi shigowa. Ba fushi ne ya hana shi ba. Asma gare shi tun yana yaro, kuma abin da ke tayar masa da ita yana kwance cikin kwando a ƙarƙashin keken ɗinki, yana ta minshari.

"Wata ɗaya kawai na ce..."

"Haka kika ce wancan watan. Makarantar da aka mai da ni ta buɗe, na kama gida, har labule na sa. Ni kaɗai nake zaune a ɗaki biyu kamar mai gadi."

"To ya kake so in yi da ita? In kai ta bola?"

"Ban ce ba, zuciyata. Ki samo mata gida." Ya yi tari, ya sassauta murya. "Amma ki faɗa min tsakani da Allah... magen ce ba kya iya bari, ko Baba?"

Auta ta taka keke da ƙarfi don kada ta amsa. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace sannan ta lura ta ɗinke hannun rigar mutane a baibai.

Magen ta wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu. Da ta rasu, 'ya'yanta suka kwashe kaya suka garƙame gida, babu wanda ya tuna akwai mai rai a ciki. Kwana uku Auta tana jin kuka ta katanga kafin ta ɗora tsani ta zaro ta ta tagar kicin, fata da ƙashi. Likitan dabbobi ya ce ta kai shekara sha huɗu, haƙoranta uku suka rage, ido ɗaya kuma ya yi fari. Don tsokana Auta ta sa mata suna Kaka, sunan kuwa ya zauna daram.

Gidansu ba ya ɗaukar mage. Tun ranar farko Baba ya yanke hukunci.

"Ba na son gashi a kayan aikina. Kada ta shigo min falo."

Kayan aikin da yake faɗa sun shekara biyu a rufe. Mai gyaran agogo ne, amma tun rasuwar Mama hannunsa ya fara rawa, bakinsa kuma ya mutu. Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Auta ce ke jiƙa masa magani, ita ke yanke masa farce, ita ke cewa Baba ka ci, Baba ka kwanta. Idan ta dawo daga shago takan same shi inda ta bar shi, yana kallon bango. Saboda dokar Baba, kullum ta saɓa kwando ta tafi da Kaka aiki, da yamma ta kulle ta a sito.

Neman gida kuwa ta yi shi har takalminta ya cinye. Ta liƙa hoto a shago, ta tura wa ƙawaye a waya. Amsar ɗaya ce.

"Ba ki da 'yar ƙarama?"

"Tana kama ɓera?"

"Kai, wannan ai gawa za ki kawo mana!"

'Yan kaɗan da suka ce a kawo su gani, Auta tana da hanyar gwada su. Za ta ajiye kwandon a tsakar ɗaki, ta buɗe murfin, ta yi shiru. Kaka ba ta fitowa da wuri. Tun kullewar nan da aka yi mata, sai ta daɗe tana shinshina iska kafin ta yarda da wuri. Babu wanda ya taɓa jiran minti biyu. Wannan ya zura hannu ya jawo ta, wancan ya girgiza kwandon. Sai Auta ta mai da murfi ta ce an gode, ta fito zuciyarta tana ƙuna.

Fatanta na ƙarshe gidan Yaya ne, babbar yayarsu. Ranar da ta je, ko zama ba ta yi ba yara huɗu suka dira kan kwandon da ihu, ƙaramin ya cafko jela. Kaka ta yi wani kuka mai ban tausayi ta jiƙe tsummanta da fitsari.

"Ke ma dai Auta da neman wahala," in ji Yaya tana toshe hanci. "Za ki rasa miji a kan mage? Jiya Malam ya kira ni. Ya ce in ba kya so ki fito fili ki faɗa, ya haƙura."

"Ya ce haka?"

"Da bakinsa. Muryarsa har rawa take."

A ƙafa ta dawo gida, la'asar sakaliya, kwandon ya yi mata nauyi kamar ta ɗauko dutse. Tana son Malam, son da ko ita ba ta san iyakarsa ba. Amma duk lokacin da ta hango kanta a gidan mai labule, sai ta hango Baba shi kaɗai da kwanon abincin da ya huce.

Ta ma manta da doka. A tsakiyar falo ta dire kwandon, ta buɗe don iska ta shiga, ta wuce ɗaki ta kife a katifa. Ta yi kuka har kanta ya sara.

Ta fi rabin awa kafin ta tuna. Ta zabura ta fito, sai ta yi turus a bakin ƙofa.

Baba ya sauko daga kujera. Yana zaune a ƙasa, ɗan nesa da kwandon, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tabarma, bai motsa ba. Hannun yana rawarsa, shi kuwa ko a jikinsa.

"Baba, yi haƙuri, yanzu zan..."

"Shhh! Kada ki firgita ta."

Kaka ta leƙo da kai. Ta koma. Ta sake leƙowa. Ta fito da ƙafa ɗaya, ta tsaya tana tunani kamar mai tsallaka titi. Baba ya ci gaba da jira. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana lallaɓa allurar agogo, jira ba baƙonsa ba ne. A hankali ta tako, ta shinshina yatsunsa, sannan ta ɗora haɓarta a tafinsa ta lumshe ido.

"Me take ci?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Sai an dama mata da ruwan ɗumi... ba ta da haƙora."

"Ni ma saura kaɗan. Sau nawa?"

"Sau uku. Da ƙwaya ɗaya da safe."

"Ki nuna min."

Auta ta sulale ta zauna. Ta zaga gari kaf tana neman mai haƙuri, ba ta taɓa kawo Baba a ranta ba. Ta saba ganinsa a matsayin wanda ake kula da shi, har ta manta shi ya raine su su shida.

"Baba, ba fa za ka iya ba. Wa zai..."

"Autata." Ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Kin mai da ni jariri, ni kuma na miƙe ƙafa don kada ki tafi. Laifina ne. Ki kira yaron nan tun bai gaji ba."

"Baba..."

"Ki kira shi, na ce!"

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Ta yi ta kuka a mota, Malam ya riƙe hannunta yana ta "ya isa, rabin raina, ya isa."

Kwana biyu da tarewa, Malam yana makaranta, gidan ya yi mata shiru da yawa. Ba ta san kowa a unguwar ba. Ta ɗauki waya da hantsi.

"Baba, ka karya? Ka sha magani?"

"Mun karya, mun sha, ni da ita." Muryarsa ƙasa ƙasa take. "Auta, ki kira anjima. Yanzu barci ya ɗauke ta a cinyata, surutu zai tashe ta."

Ƙit, ya kashe.

Da Malam ya dawo ya same ta a bakin gado da waya a hannu, fuska jage-jage da hawaye. Ya yar da jaka ya durƙusa gabanta.

"Subhanallahi! Me ya samu Baba?"

"Lafiyarsa ƙalau." Ta yi dariya, kukan ya sake ƙwace mata. "Kashe min waya ya yi, Malam. Wai yana da aiki."