Hannun Hagu a Kan na Dama

Narae na zaune gaban madubi da matsefata a hannu, tana bin gashin haɓarta ɗaya bayan ɗaya, sai saurayinta Dongryul ya turo ƙofa ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Albishirinki! Mama ta ce in kai ki garinmu Andong ranar sabuwar shekara!"

Matsefatar ta suɓuce daga hannunta. Ta juyo a hankali.

"Yaya, ka gaya mata?"

"Na ce mata kina da hankali, kin iya girki, kina aiki a shagon furanni a nan Daejeon, kuma…"

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalmi. "Bari dai ta gan ki tukuna. In ta so ki, sauran mai sauƙi ne."

Abin da bai gaya wa mahaifiyarsa ba shi ne, Narae a jikin namiji aka haife ta. Ita ce ɗan fari a gidansu, da sunan namiji ta yi makaranta, alhali tun tana ƙarama ta san kanta mace ce. Ranar da ta faɗa, mahaifinta ya nuna mata ƙofa, kuma bai sake ɗaga wayarta ba. Wata goma sha huɗu ke nan tana shan maganin homon a hannun likita, ƙwaya ɗaya ta ƙara na mata, ɗaya ta danne na maza. Fatarta ta yi laushi, ƙirji ya ɗan taso, fuska ta ciko. Amma a madubi ita ba ta ganin wannan, muƙamuƙi kawai take gani da inuwar gemu. Dongryul ne kaɗai ya rage mata a duniya, shi kuwa ɗa ɗaya tilo ne wurin uwar da mijinta ya rasu. Saura mako biyar tafiyar.

Washegari da safe ta je wurin Likita Eom, wata dattijuwa mai gilashi wadda ba ta iya rarrashi ba.

"Dokta, ki ƙara min. Ninki biyu, na mako biyar kawai!"

Likitar ta juyo mata da takardar gwajin jini. "Homon ɗinki ya kai inda ake so. Ƙari ba ya ƙara sauri, haɗari yake ƙarawa. Shekara biyu zuwa uku jiki ke ɗauka, wani ma ya fi."

"Muryar fa?"

"Tun ranar farko na gaya miki, wannan maganin ba ya taɓa murya, ba ya rage ƙashi. Murya horo take so. Gashin fuska kuma rage masa ƙarfi yake, ba ya kashe shi. Kin bar tabar?"

Narae ta kau da kai.

"To ki ji ni da kyau. Ƙwayar nan da taba ba sa haɗuwa, jini suke daskararwa. Ki bar taba, ki bar min maganar ƙari."

Ta fito tana share hawaye a bakin titi. A guruf ɗin waya na masu shan homon irinta kuwa, kowa likita ne. Wata ta rubuto, "Ke dai kin cika tsoro! Ni uku nake sha, kalli hotona." Wata ta turo sunan mai sayarwa. Mai tsoron a rabu da shi ba ya jin maganar likita, wanda ya ce masa gobe za ka gyaru shi yake saurara. Kafin mako ya zagayo Narae ta saya a wurin mai sayarwar, ta ninka ƙwayarta sau uku, ta ɓoye kwalin a bayan buhun shinkafa, tabar kuma sai abin da ya ƙaru saboda fargaba. Kullum da yamma tana koyon gaisuwar mata a tsakar ɗaki: hannun dama a kan na hagu, a ɗaga su daidai ido, a sauka sannu a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a kai.

Madubi bai nuna mata wani sauyi ba. Sha-raɓar ƙafarta ta hagu ce ta fara ciwo, ta ce tsayuwar shago ce.

Mu mutanen Andong, a faɗi gaskiya, ido gare mu. Muna iya gane gidan da mutum ya tashi daga yadda yake ajiye cokali. Amma da farko komai ya tafi daidai. Malsuk, mahaifiyar Dongryul, ta tarbe su a ƙofa, ta kalli doguwar yarinya cikin kayan gargajiya ruwan hoda, ta ce, "Kai, tubarkalla da tsawo!" Narae ta shiga kicin ta ɗaura zani a kan kayanta, ta soya wainar kabewa tire biyu, tana amsa komai da murmushi da murya ƙasa ƙasa.

"Kunya gare ta," in ji Malsuk ga matar ƙanin mijinta. "Irin wadda nake so ke nan. Ba 'yan yanzu masu baki kamar rediyo ba."

Narae ta ji, zuciyarta ta cika har ta kusa kuka a kan kaskon.

Aka shimfiɗa matasai, manya suka zauna, lokacin gaisuwa ya yi. Dongryul da Narae suka tsaya gefe da gefe gaban Malsuk. Daidai lokacin da za ta sunkuya, ciwon ƙafar ya soke ta har tsakiyar kai, tunaninta ya ɗauke. Jiki kuwa abin da ya sani ya yi. Shekara ashirin da tara tana wannan gaisuwa a sahun farko na maza a gidan ubanta. Hannun hagu ya hau kan na dama, gwiwa ta dira ƙasa, goshi ya sauka a bayan hannu, ita da Dongryul a tare, kamar wa da ƙani. Da ta zo miƙewa ƙafar ta ƙi, wani nishi ya ƙwace mata da muryarta ta ainihi.

Kawun Dongryul ya ajiye kofinsa.

"Wannan gaisuwar," Malsuk ta faɗa a hankali, "ba kuskuren baƙuwa ba ce. Wanda ya yi ta, an koya masa ita tun yana yaro. Dongryul, me ka kawo min gida?"

"Mama, ki bari in yi miki bayani…"

"Me ka kawo min gida, na ce!"

Narae ce ta amsa, tana durƙushe. Ta faɗi komai, ba ta rage ba. "Mama, ban zo in cuce ki ba. Ina son ɗanki, ba ni da kowa sai shi."

"Kada a sake kira na Mama!" Malsuk ta dafe ƙirji, hawaye na zuba. "Ɗa ɗaya na haifa! In na mutu, in shi ma ya mutu, wa zai jera wa mahaifinsa abinci ranar tunawa da rasuwarsa? Wa zai zuba masa abin sha? A nan zuriyar gidan za ta ƙare ke nan? Na ci abin da hannun nan ya soya, ina yabo, ashe dariya ake min!"

Dongryul ya raka Narae bakin ƙofa, fuskarsa kamar toka. "Ki je gida. Zan lallashe ta, gobe ina tafe."

Ita kaɗai ta hau motar Daejeon da kayan bikin a jikinta. Tana zaune a takure ƙafar ta kumbura har safa ta nutse a ciki. Da ta sauka a tasha ta yi taku kaɗan, numfashi ya gagara, ta zube gaban mai sayar da tikiti.

A asibiti ta farka da robar iska a hanci. Gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya tafi huhu. Likita Eom ta zo duba ta a rana ta uku.

"Nawa kike sha?"

"Ninki uku."

Likitar ta cire gilashinta ta murza ido. "Za mu dakatar da homon gaba ɗaya, sai jinin ya daidaita. Watanni ne."

"Dokta, ki rufa min asiri! Duk abin da na samu zai koma?"

"Ba duka ba. Ƙirjin yana nan. Fata da gashi za su ɗan koma baya. In kin bar taba, in gwaji ya yi kyau, za mu duba na mannawa a fata, ya fi sauƙi ga jini. Alkawari dai ba zan yi miki ba."

Narae ta juya fuska bango ta yi kuka mai cin rai. Ta yi garaje don ta riƙe mutum ɗaya, ga shi ta rasa maganin, mutumin kuma shiru. Goben Dongryul ta zama kwana tara. A rana ta bakwai ta tura masa mesej: "Yaya, ka zauna da Mama. Ni na saba da rashin iyaye, kai ba ka saba ba."

A rana ta tara ya shigo da jaka a kafaɗa, ya rame, bai yi aski ba.

"Me ya kawo ka? Kalli fuskata, ko reza ba su bar ni na riƙe ba!"

"To sai mu zama mu biyu." Ya ja kujera ya zauna. "Kwana tara ina durƙushe a ƙofar ɗakinta. Ta ce in na fita, ɗan kawu ne zai riƙa zuba wa Baba abin sha, kada in sake taka gidan. Ni na ja miki wannan, Narae. Da na faɗa mata gaskiya tun farko, da ba ki tsaya kina yaƙi da jikinki don ki ɓoye abin da ni na kasa faɗa ba."

Watannin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari. Ta rufe madubin da tawul. Ta bar taba da kuka da masifa, ta riƙa zuwa horon murya duk Laraba. Akwai ranakun da ba ta fita shago. Shi kuma duk Lahadi sai ya kira Andong, wayar ta yi ta ringi har ta katse. A wata na bakwai Likita Eom ta manna mata maganin farko a fata, ta ce su tafi a hankali.

Ranar tunawa da mahaifin Dongryul ta zo da kaka. Ba a gayyace shi ba. Tun safe yake zaune da hoton uban a cinya, ya kasa cin komai. Narae ta fita kasuwa, ta dawo da kifi da tuffa da sauran 'ya'yan itace, ta jawo ƙaramin teburinsu ta goge.

"Ka tura wa Mama cewa za mu jera wa Baba abinci a nan. Ko ba ta amsa ba, ta sani."

Da la'asar tana yanka albasa wayarsa ta yi ƙara. Ya kalli sunan, ya ɗaga.

"Mama?"

Muryar tsohuwar ta fito a bushe. "Ban yafe ba, kada ka ɗauka na yafe. Ka gaya wa mai girkin kada a sa barkono, kada a sa tafarnuwa. Kuma mahaifinka ba ya son miya ta yi gishiri."

Narae ta san dokar hana barkono da tafarnuwa a abincin mamaci tun kafin ta iya rubuta sunanta. Amma ta matso kusa da wayar, ta ce, "To, na ji. Zan kiyaye."

Aka kashe wayar. Ba a kira ta da suna ba, ba a ce ta zo ba, kuma babu wanda ya san ko za a taɓa cewa. Jiki yana da lokacinsa, zuciyar iyaye ma haka, babu ƙwayar da ke gaggauta ɗayansu. Wanda ya ɓoye gaskiya don ya tsallake jira, shi da masoyinsa ne ke biyan wahalar. Narae ta goge idonta da bayan hannu, ta ɗanɗana miyar, ta ƙara mata ruwa.