Bajon Ɗakin Hoto

"An fasa! Na ce an fasa!"

Umma ta wurga min takardar a gaban ɗanta, a barandar asibitinmu.

Ɗan nata, Dogo, kafintan da ya shekara yana zarya a ƙofar gidanmu yana neman aurena, ya durƙusa. "Umma, don Allah ki saurara..."

"Rufe min baki! Da ma bazawara ce mai 'ya, na haƙura. Yanzu kuma injin hoto ya soye mata ciki? Jikoki nake so!"

A bayanta 'yar ƙanwarta ce tsaye, nas a ɗakin mata, wadda ta daɗe tana yi wa Dogo kallon nata. Ita ta kai takardar gida.

Ni a ɗakin hoton ƙashi nake aiki. Kowannenmu yana maƙala ɗan bajo a ƙirji mai auna hasken injin da ya taɓa shi, duk wata a kai a duba. Nawa ya dawo da lambar da ba a taɓa gani ba, takardarsa ce Umma ta wurga min.

Wallahi ba auren na fara tunawa ba. 'Yata na tuna, shekararta uku. In na kwanta, wa zai yi mata kitso?

"Zo, Hasken idona," in ji Dogo. "Mu je a ɗebi jininki."

"Yau dai ka bar zancen haske!"

Ya yi dariya, ni ma ta kuɓuce min ina hawaye.

Da sakamakon ya fito, muka ɗunguma ofishin babbar likitarmu, har da Umma da nas ɗin. Ta dubi takardar bajo, ta dubi ta jini, ta cire tabarau.

"Kin yi amai a watan nan?"

"A'a."

"Zawo? Fata ta yi ja?"

"Ko ɗaya."

"Hajiya, hasken nan kamar rana yake," ta ce da Umma. "Kaɗan, ƙwayoyin jiki suna gyara ɓarnarsa da kansu. In ya yi yawa, gyaran ya fi ƙarfinsu. Masu saurin hayayyafa su ke fara faɗuwa: ɓargo, hanji, saiwar gashi. Da hasken da lambar nan ta nuna ya shiga jikinta, da fararen ƙwayoyin jininta sun zube, gashi ya bi matashin kai. Ga jininta nan lafiya lau."

Umma ba ta yarda da takarda. Ta miƙe, ta zame min ɗankwali, ta kama jelar kitsona ta finciko.

"Wayyo Umma!"

Ta duba tafin hannunta. Ko sili ɗaya babu.

"Ikon Allah! To wa ya sha hasken?"

"Bajon, shi kaɗai," in ji likita. "Wani ne ya manna shi a bakin injin. Kuma ko wane ne, bai san awo ba. Wannan ai sai ya kayar da bijimi. Bajon ya yi wata a can."

"Wata kuma? Sati ɗaya ne kaw..."

Nas ce ta yi suɓul da baka, ta toshe bakinta da hannu.

Sai a lokacin na tuna satin da na yi hutu na bar bajon a aljihun farar rigata.

"Ki jira ni a waje," likita ta ce mata. "Ni da ke akwai zama."

Umma ta ɗauko ɗankwalin, ta ɗaura min da hannunta, a karkace.

"'Yata, ki yafe min. Amma gaya min tsakani da Allah... za ki haihu?"

"Wannan na Allah ne, Umma. Abin da ke hannuna, ranar da na san ina da ciki zan sanar a wurin aiki. Ɗan tayi ya fi kowa rauni, ba na wasa da shi."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana washe baki! Tafi shago ka fara haɗa gado."

Dogo ya sosa ƙeya. "Wanne, Umma? Na amarya ko na jariri?"

"Marar kunya!" Ta kai masa duka da jaka, ya goce.

Har ya kai ƙofa ta ɗaga murya.

"Duka biyun!"