Tunkiya Mai Lalle a Hanyar Ajingi

Duk wanda ya ja mota tsakanin Gaya da Ajingi a zamanin dalar gyaɗa ya san ƙa'ida: in ka buge dabba sai ka tsaya, ka yanka ta kafin ta zama mushe, ka nemi mai ita ka ba shi haƙuri. Da'u ya san haka sarai, don yana karen mota ya taso. Amma mutum ne mai dogon buri da gajen haƙuri, kuma ya gaji da tura motar wani.

Wata rana da hantsi ya nufi bayan Kademi, wurin wani boka da ke gindin wata kuka da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A cikin bukkar bokan, ƙoƙunan kan awaki ne jere bisa jan ƙyalle, ga tukunyar baƙin ruwa tana tafasa ba wuta.

"Mota kake so," in ji bokan.

"Motoci, Baba."

"Za ka samu. Amma duk dabbar da ta gitta maka, kada ka taka birki, kada ka tsaya yanka. Ka bar ta mushe."

"Shi ke nan?"

"Kowacce za ta tafi da wani abu daga gidanka."

"Wane abu?"

"Ba ni nake zaɓa ba."

Da'u ya tuna gidansa, tabarma da tsohuwar fitila, ya ce ya yarda. Boka ya wanke masa ƙafar dama da ruwan nan, ya ba shi laya ya ce in ya samu mota ya ɗaure a ƙarƙashin birki.

Kafin kaka ta zagayo ya mallaki babbar mota, can sai ga ta biyu, ga gida mai rufin kwano. Ran da ya take wata tsohuwar akuya ya wuce, ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa ta faɗi a bakin rijiya, haƙarƙarinta a karye. Ran da ya banke jaki, ƙanensa Inuwa ya fita tsirara yana ihu wai mota na bin sa, har sai da aka sa shi a mari.

Matarsa Barira ta ce, "Malam, me ka shigo mana da shi gidan nan?"

Ya daka mata tsawa, amma ya gane. Sai ya ce a ransa bari ya gama jigilar gyaɗar bana ya kwance layar. Wayyo, bana!

Abu ɗaya Da'u yake ƙauna fiye da mota, 'yarsa Baiwa, wadda suka samu bayan dogon jira. Wata safiya zai fita da lodi ta tare shi a zaure, ta buɗe masa tafukanta.

"Baba, lallena ya kama?"

"Ya kama, uwata. Me zan sayo miki?"

"Alewa."

Dab da Ajingi wata 'yar farar tunkiya ta faɗo hanya, ƙafafunta na gaba jajir da lalle. Nan take ya tuna tafukan Baiwa. Ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, birki ya shige kamar an taka auduga, motar ta banke ta.

Da ya samu motar ta tsaya, ya komo da gudu. Manoma sun taru, tunkiyar tana shure-shure, wani dattijo ya miƙo masa wuƙa.

"Direba, yi maza ka yanka, za ta zama mushe!"

"Kada wanda ya taɓa ta!"

Ya rungume ta yana kuka, yana kiranta uwata, mutane suna kallonsa baki buɗe. A hannunsa ta cika. Ya baro motar da lodinta a nan, ya iso gida a ƙasa. Tun daga nesa ya jiyo kururuwar Barira.

Motocin nan a daji suka ruɓe. Barira ta koma gidansu, ba ta ƙara ambaton sunansa ba. Shi kuwa shekara da shekaru ana ganinsa a bakin hanyar Ajingi cikin tsumma, yana korar awaki daga kan hanya, yana roƙon direbobi su yi a hankali.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. In boka ya ce zai ɗauki abu a gidanka, wallahi ba tabarma yake nufi ba. Da'u ya mutu da ƙullin alewa a aljihu.