Tsohuwa Mai Shara a Lambun Suzhou

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Hajiya Kaka. Yaya Nazifi, ɗan kawunmu da ke zuwa ƙasar Sin saro yadi, yana zaune a bakin rijiya. Ƙanwata Sadiya ta dame shi sai ya ba mu labarin lambunan da ake cewa akwai a can.

Ya waiga wajen ɗakin Hajiya. Can ya ce, "Ku matso. Amma kada Hajiya ta ji."

Muka matsa. Ya rage murya, ya fara.

*

Shekara uku ke nan. Mun gama lodin kaya, saura kwana biyu jirginmu ya tashi. Tafintarmu, wata mata mai kirki da ake kira Madam Shen, ta ce bai kamata mu koma gida ba mu ga komai sai sito da kwantena ba. Ta ɗauke mu, ni da maigidana Alhaji Tanimu, zuwa Suzhou, wani tsohon birni da ruwa ke ratsa tsakanin gidajensa.

Da safe muka shiga kwale-kwale a tafki. Daga nan muka je wani gidan bautar mutanen garin mai doguwar hasumiya, hayaƙin turare ko'ina. Alhaji ya tsaya daga waje. Ni kuwa ina ta shewa, ina kwaikwayon masu sunkuyawa. Ya harare ni. Ban daina ba.

Bayan azahar muka shiga wani tsohon lambu. Duwatsu masu ramuka, 'yan gadoji, jajayen kifaye a ruwa. A bakin ƙofa Madam Shen ta ce, "Hanyoyin ciki suna da ruɗi. Kowa ya bi ni."

Ni ban bi ta ba. Na ga wata siririyar hanya a bayan duwatsu, na saɓe.

Hanyar ta kai ni wani lungu cike da itacen gora, dogaye, kore shar. Babu kowa. Akwai wata guda mai kauri da ta fi sauran tsufa. Na ciro makullin ɗakin otal. Na karta sunana a jikinta, harafi shida, na danna sosai don kada ya goge. A ƙasa na fara na Raliya, lokacin ba a ɗaura mana aure ba. So nake in ɗauki hoto in tura mata. Harafi ɗaya na yi, yayyafi ya sauko.

Na juya in koma. Na bi ta tsakanin duwatsu, na ɓullo a lungun gora. Na sake bin wata hanyar. Lungun gora. Sau huɗu.

Sai na lura ban jin hayaniyar mutane. Ko tsuntsu.

A karo na biyar na tarar da wata tsohuwa tana shara. 'Yar ƙarama, da shuɗiyar riga mai dogon hannu. Tsintsiyar na tafiya a kan dutse, ganye na taruwa, amma babu ƙara.

Na haɗa ɗan Sinancin da na iya, na tambaye ta ƙofa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Nazifi."

Da Hausa. Irin ta tsofaffin cikin gari. Muryar kamar ana hura iska a cikin bututu.

Na kalli ƙasa. Ba takalmi a ƙafarta. Yatsun dogaye ne, masu gaɓa-gaɓa, sun nutse cikin ƙasa kamar saiwa. Da ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai da laka ta biyo ta.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ta jingine tsintsiya, ta tsaya tana saurare har na kai ƙarshe.

"Ka gama? Mu ma mun san Mai wannan magana," ta ce. "Ashe an koya maka."

Sai ta naɗe hannun rigarta.

Sunana ne a damtsenta. Harafi shida, da rubutuna, har da karkacewar da nake yi wa Z. Yankan sabo ne. Ba jini ke fita ba, wani farin ruwa ne yake gangarowa zuwa gwiwar hannu.

"Me sunan yake nufi a wajenku?"

Na ce, "Mai tsabta."

Ta gyaɗa kai. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Wannan na ƙasan fa? Na waye?" Ta ɗora yatsa a kan harafin Raliya. "Wanda aka rubuta a jikinmu, muna iya zuwa inda yake."

Nan na durƙusa a cikin laka. Na ce, "Baba, don Allah. Ba ta san komai ba. Ko ƙasar nan ba ta taɓa zuwa ba. Ni na yi."

"Faɗa mini sauran haruffan."

"Ba zan faɗa ba."

Ta daɗe tana kallona. Idonta kore ne, ba ya ƙiftawa.

"To, ka yi abu ɗaya daidai yau," ta ce. "Shekara ɗari uku ina tsaye a nan. Masu mulki sun zauna a inuwata, sojoji sun wuce, babu wanda ya yanke ni. Sai baƙon da aka kawo don a karrama shi. A garinku haka baƙo yake yi wa masu gida?"

Ban iya ɗaga kai ba.

"La'asar ta yi, ba ka yi ba," ta ce.

Ta shiga cikin gorar, ta dawo da ruwa a wani guntun kara. Da hannun da na yanka ta riƙa zuba mini, ina alwala, farin ruwan nan na ɗiga kusa da ƙafata. Ta nuna mini yamma, don a can alƙibla yamma take. Na yi sallar nan ina kuka. Tsoron ya riga ya tafi. Kunya ce kawai.

Da na sallame, ta miƙo mini wani siririn kara, an fere bakinsa kamar alƙalamin allo.

"Tunda rubutu kake so," ta ce. "Ka nemi takarda."

Ta nuna wata 'yar ƙofa zagayayyiya da ban gani ba a da. Ina ƙetarawa hayaniya ta dawo. Ga Alhaji da Madam Shen suna nemana tare da ma'aikatan lambu.

Zan iya yin shiru. Amma na kai su lungun, na nuna musu. Gorar na nan, yankan na zubar da ruwa. Babu tsohuwa, babu tsintsiya. Mai kula da lambun, wani dattijo, ya shafa wurin a hankali kamar mai duba ciwon ɗansa. Madam Shen ba ta yi mini faɗa ba. Gabansa ta je, ta sunkuya har sau uku tana ba shi haƙuri, wai ita ta kawo ni. Alhaji bai sake yi mini magana ba sai da muka sauka a Kano.

*

Yaya Nazifi ya dube mu. Sadiya ta riga ta maƙale a jikina.

"Ku ji ni," ya ce. "In Allah ya kai ku ƙasar mutane, kada ku bar ayari ku bi lungu ku kaɗai. Wurin da kuka ga babu kowa, akwai masu shi. Ku riƙe hannunku."

Na ce, "Yaya, alƙalamin fa?"

"Yana cikin akwatina. Har yau kore ne, bai bushe ba."

"Yana rubutu?"

"Sau ɗaya na gwada. Yana rubuta komai." Ya miƙe, ya laluba takalminsa a cikin duhu. "Sunana ne kawai ba ya fitowa."