Layin da Mama Ta Ja

"Kalli hoton da kyau. Ke ce ko ba ke ba ce?"

Mahaifiyar Dogo ta turo mini wayar a kan teburin falonta. Ban ɗauka ba. Daga inda nake ina ganin komai: ni ce a kan bencin asibiti, kai a sunkuye, yatsa a kan waya. A bayana jar fitilar ɗakin tiyata tana ci.

"Ni ce, Mama."

"Me kike yi?"

"Wasa."

"Wasa!" Ta tafa hannu. "Mijina yana kwance an buɗe masa ƙirji, mu bakinmu bai bar addu'a ba, ke da za ki shigo gidan nan kina wasa!"

Dogo, wanda saura ƙiris a ɗaura mana aure, yana tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi. A hannun kujera kuwa Gimbiya ce, 'yar ƙanwar Mama. Ita ta ɗauki hoton. Kowa a dangin ya san tun tana makaranta take wa Dogo kallon nata.

"Ni fa ba da wata manufa na ɗauka ba," in ji ta, tana duba farcenta. "Mamaki ne ya kama ni. Na ce kai, wata zuciyar sai dutse."

"Mama, ki bari in yi miki bayani..." Dogo ya fara.

Na dube shi. Ya haɗiye sauran.

"Babu bayani," in ji Mama. "Wadda ba ta ji zafin ubanka yau ba, gobe ba za ta ji naka ba. A dakatar da maganar nan."

Na miƙe, na yi sallama, na fita.

Wasan ba wani abu ba ne. Farin fili, ƙananan gidaje masu ruwan toka, ɗigo biyu masu launi ɗaya. Ka ja layi daga wannan ɗigon zuwa wancan, ka ratsa kowane gida, kada layin ya taka kansa. Ba agogo, ba maki, ba mai tafa maka. In ka gama, sai wata 'yar ƙara kamar ɗigar ruwa a kofi.

A irin wancan bencin nake zaune ranar da likita ya fito ya ce mahaifina ya cika. Tun daga nan, warin asibiti kaɗai ya isa: ƙirjina ya matse, numfashi ya maƙale, in ji kamar mutuwa ce ta zo. Likitata ta ba ni magani, ta kuma ce in nemi abin da zai riƙe hankalina kafin abin ya wuce. Layin nan shi ne igiyata.

Haka Dogo ya fara ganina. Mai awon filaye ne, yana kawo takardu ofishin da nake zanen gine-gine. Ya tarar da ni a matakala, gumi ya jiƙa ni, ina jan layi. Bai ce sannu ba, bai kira kowa ba. Ya zauna ƙasa da ni, ya leƙa wayar.

"Fara da kusurwa," ya ce. "Kusurwa hanya ɗaya gare ta."

Abin da ya sa na so shi ke nan.

Yanzu ya biyo ni har bakin titi yana haki.

"Masoyiya, tsaya! Ki bar ni in gaya mata gaskiya."

"Ka yi mini alkawari ba wanda zai ji maganar ciwona."

"Alkawarin zai cinye mana aure!"

"Ka faɗa ɗin ma zai cinye. Yau mara zuciya ce ni. Gobe mai taɓin hankali. Zaɓi wadda kake so a kira matarka."

"Mama ba haka take ba."

"Gimbiya fa?"

Ya kau da kai.

"In ka buɗe baki, Dogo, ni da kai an gama."

"To in na rufe fa?"

Na tare mota.

A gida Ummata ba ta sauƙaƙa ba. Tana ninke kaya ta ce, "Ki bar su. Gara a ce ba ki da kirki da a ce ba ki da lafiya. Mara kirki tana samun miji. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa."

"Umma, ina son shi."

"Na sani. So ba ya rufe bakin dangi."

Kwanaki suka shuɗe. Dogo ya kira, ban ɗauka ba. Na ji labarin Gimbiya ce ke kai abinci asibiti, ita ke karɓar baƙi, har wasu sun fara ce mata amarya cikin wasa. Ni kuwa ina jan layi a ofis, ina gogewa, ina sake ja.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Jini ya ɓalle wa Baba. Sun mayar da shi tiyata. Ban ce ki zo ba, rabin raina. Na dai kasa ɓoye miki."

Na ɗauki jakata.

Barandar tana nan yadda na bar ta. Benci, jar fitila, warin nan. Mama tana zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, ta zube kamar an zare mata laka. Dogo ya tafi neman jini. Gimbiya tana jingine da bango.

"Au! An zo ƙarasa wasan?" in ji ta.

Na wuce ta, na durƙusa gaban Mama.

"Mama, ya mai jiki?"

Ba ta kore ni ba. Ina jin ba ta da ƙarfin korar. Na zauna nesa kaɗan, na sa jakata a ƙasa, na ture ta da ƙafa ƙarƙashin benci. Na rantse a raina ba zan taɓa wayar ba.

Da farko na iya.

Sai aka gangaro da wani gado, tayarsa tana ƙara. Irin ƙarar ranar da babana ya rasu.

Ƙirjina ya kulle.

Na ja iska, ba ta shiga ba. Bango ya fara matsowa. Hannuwana suka kama rawa, na danne su tsakanin gwiwoyi, suka ƙi.

"Ke! Lafiya?" Muryar Mama ce, kamar daga rijiya.

Ta gefen ido na ga Gimbiya ta ɗaga wayarta.

To, shi ke nan. Duk inda na bi, layin ya taka kansa. Sai na zaɓi kusurwa.

"Mama... ciwo ne. Tun rasuwar babana... a benci irin wannan. Wasan... shi ke dawo mini da numfashi."

"Kin ji ko!" Gimbiya ta matso. "Dama na ce akwai wani abu! Anti, ba ta da lafiya, ɓoye muku suka yi!"

Mama ba ta ko waiwaye ta ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta jawo jakata, ta lalubo wayar ta miƙo mini. Na karɓa, ta suɓuce ta faɗi a cinyata. Yatsuna ba nawa ba ne.

Ta ɗauka. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa.

"Ina ake dannawa?"

Na nuna mata.

"To. Wannan shuɗin ɗigon, ina zan kai shi?"

"Kusurwa... sama."

Yatsanta mai kauri ya hau gilashin. Shi ma rawa yake yi.

"Hagu... a'a, Mama, ɗaya hagun."

"Ke, hagu nawa gare ni? Yi magana da kyau."

"Ƙasa. Gida ɗaya. Tsaya."

Layin ya bi gefe, ya lanƙwasa, ya shiga tsakiya. Ta toshe kanta, ta ja tsaki, na nuna mata yadda ake komawa baya. Muka sake. Wani wuri a tsakanin gidajen nan iska ta sami hanya ta shiga ƙirjina.

Ɗigar ruwa.

"Shi ke nan?" ta ce. "Ba a ba mutum komai?"

"Ba a ba shi."

"Kawo na gaba."

Sai a lokacin ta ɗaga kai. Gimbiya tana nan, waya a sama.

"Sauke abin nan," Mama ta ce a hankali. "Mijina yana kan teburin likita, wancan karon kina ɗaukar hoto, yau ma kina ɗauka. Ashe ke ma bakinki ba addu'a yake ba."

"Anti, ni don ke na..."

"Goge. Sannan ki je gida ki huta."

Dogo ya dawo da gudu, ya yi turus. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya dubi wayar. Ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafafunmu.

Muna tsakiyar wani layin jar fitilar ta mutu.

Yatsan Mama ya tsaya cak. Ɗaya hannunta ya damƙe nawa har ƙashi. Ƙofa ta buɗe, likita ya sauke abin rufe bakinsa.

"Mun tsayar da jinin. Zai daɗe yana jinya, amma yana nan."

Mama ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙi sakin hannuna.

Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. Ranar da aka sallami Baba ta kira ni kicin, ta rufe ƙofa.

"Ciwon nan, yana warkewa?"

"Yana sauƙi. Ba zan yi miki alkawarin zai tafi ba."

Ta gyaɗa kai.

"Hawan jinina ma bai tafi ba, ga shi an zauna da ni. Ki gaya wa uwarki zan zo da kaina. Kuma nan gaba in abu ya same ki, bakinki ba ado ba ne."

An ɗaura auren bayan Baba ya fara takawa. Gimbiya ta aiko da uzurin ciwon kai.

Ran nan Dogo ya shigo yana dariya, ya miƙo mini wayarsa.

"Masoyiya, surukarki. Wai wani layi ya hana ta sakat tun safe."

Na kara a kunne. "Mama, ki fara da..."

"Kul! Kada ki gaya mini. Ki dai tsaya a kan layin har in gama."