Ruwan Inna Hindatu

Babu abin da ke ƙarƙashin ƙasa da ya isa ya ɓuya wa mai ilimi. Haka Abdulmajid ya shaida wa Rumaisa ranar da suka fara haɗuwa a motar Waca, kajin wata tsohuwa na bisa cinyarsa.

Injiniya ne a filin mai na gabas, konje ya zo, wato hutun aiki. Aikinsa ɗura ruwa ta wata rijiya don ya koro mai ta wata.

"Wani dutsen duk koguna ne da tsaga," in ji shi. "Sai ruwan ya bi tsaga ya tsere, ya bar man a zaune. Amma wannan sai ga waɗanda ba su iya ba."

Rumaisa ba ta gane komai ba sai wushiryarsa. Ta ba shi lambarta.

Mahaifinta, Malam Wada, shi ya gane sarai.

"Rijiyar lambuna ta ƙafe, rakena na mutuwa, sannan in ba da ɗiyata ga mai zuba ruwa a rami da gangan? Ga Salisu mai siminti nan yana so. Shi abin da ya zuba yana tsayawa."

Ta rubuta masa: "Injiniyana, Baba ya ƙi. Ko abinci ba na iya ci."

Ya amsa: "Sheri, masoyiyata, share hawayenki. Ƙarancin matsi ne kawai. Ni zan tayar masa da rijiyar."

Ya sa aka haƙa rami kusa da rijiyar Malam Wada, ya jawo tiyo daga rijiyar lambun mahaifiyarsa, Inna Hindatu.

"Ɗan nan, albasata fa?"

"Inna, ruwa ba ya ɓata. Zagayawa yake."

Inji ya yi ta ruri. Kullum Rumaisa sai ta leƙa rijiyar babanta, kullum ƙadangare ɗaya take tararwa yana gyaɗa mata kai. Ba ta iya hana masoyinta, ba ta iya kallon babanta. Rijiyar Inna kuwa ta koma laka, lakar ta tsage.

Ashe ruwan ya samu tasa hanyar. Can gangare ya ɓullo, a kwarin Alhaji Nassirou, yayan Malam Wada, wanda aurar da Rumaisa ke hannunsa tun ranar sunanta. Rakensa ya miƙe kore shar.

"Yaron nan ƙafarsa da albarka," in ji Alhaji. "Wada, na ba shi."

Malam Wada ya buɗe baki, ya tuna shi ƙane ne, ya rufe.

Saƙo ya shigo: "Kin gani, Sheri? Ilimi ke nan."

Ta daɗe tana kallon wayar. Tana sonsa, kuma wannan ba shi da magani. Ta rubuta: "Na gani, mai wushiryata. Allah ya bar mu tare."

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba rake maimakon alewa. Ango na tsakiyar abokai yana zana musu hanyar ruwa da tsinke a ƙasa.

Da aka kawo amarya, ta ƙarƙashin mayafi Rumaisa ta hangi Inna Hindatu tana shigowa da jarka a ka, daga famfon bakin kasuwa, don baƙi su yi alwala. Ta sauke, ta dafa kan amarya.

"Allah ya yi muku albarka, ɗiyata. Ya ba ku zaman lafiya."

Sannan ta ɗauki jarkar da ruwanta ya ƙare, ta koma layin famfo.